Awakin Malam Irmiya

Shekara ashirin da shida Malam Irmiya ya yi yana koyar da zanen fasaha a wata makarantar kuɗi da ke Minanata, tun tana aji uku da rumfar kwano har ta zama bene mai motocin ɗaukar yara. Mutumin Zuru ne, ya zo Sakkwato yana saurayi da jaka guda, garin ya riƙe shi. Kamfas da rula da fensir mai tsini su ne duniyarsa. Idan ya ja da'ira a allo da hannu, yara kan taso su auna ta suna neman inda ta karkace, su koma mazauninsu ba su samu ba. Kwamfuta kuwa bai taɓa damuwa da ita ba, ita ma ba ta dame shi ba, sai a zangon ƙarshe na shekarar nan.

Wata Talata Hajiya Balaraba, mai makarantar, ta kira shi ofis tare da Gazali, malamin kwamfuta. Gazali tsohon ɗalibinsa ne, shekara uku ya yi a ajinsa, kuma Irmiya ne ya kai sunansa gaban Hajiya lokacin da ya gama karatu yana yawon neman aiki. Hajiya mace ce da ba ta ɓata bakinta. Ko zama ba ta ce su yi ba.

"Zancen ga gajere na," ta ce, idonta a kan waya. "Daga zango mai zuwa, zane da kwamhuta darasi guda za su zama. Darasi guda kuwa malami guda shika so. Ranar iyaye saura sati huɗu. Kowanenku shi yi wani abin koyarwa da anka zana da kwamhuta, a aza shi gaban iyaye. Wanda nig ga ya iya, shi za ya zauna."

"Wanda bai iya ba fa, Hajiya?" Irmiya ya tambaya.

"Allah shi ba shi wani wuri."

A ganinta adalci ta yi, ta ba kowa dama. Amma har mai gadin makarantar ya san tseren mai babur da mai ƙafa aka shirya. Irmiya ya fito daga ofis. Shekararsa hamsin da bakwai, kuma babu makarantar da za ta ɗauki mai furfura ya koyar da darasin da ake sokewa ko'ina. In ya rasa wannan ajin ya gama koyarwa ke nan har abada, shi kuwa bai san wani abin da mutum ke yi da safiyarsa ba in ba tsayuwa gaban allo ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske.

Gazali ya cim masa a baranda, ya rusuna kamar yadda ya saba tun yana ɗan aji ɗaya.

"Malam, wallahi ban ji daɗin abin ga ba. Kai ka koya mani riƙon rula. In kana so, kullum in an tashi ka taho ɗakin kwamhuta in nuna maka abin da nis sani."

Irmiya ya dafa kafaɗarsa. Da ya koma gida Unguwar Rogo ya ba matarsa Monica labari, ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ta ce, "Ka gani ko, Baban Peace? Har yanzu akwai 'ya'yan kirki."

Kwanaki ukun farko wahala ce zalla. Linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur, ya ƙi bin hannunsa. Ya nufi gabas kibiya ta yi yamma. Mutumin da ke jan da'ira ido rufe sai ga shi ya kasa jan layi guda. Gazali yana gefe da haƙuri, yana cewa, "A hankali, Malam, kada ka danne shi awa alli."

Rana ta huɗu abin ya buɗe masa. Ya gane manhajar zanen ba fenti take shafawa ba. Ɗigo take ajiyewa nan, ɗigo can, sai ta ja layi tsakaninsu, kowane ɗigo kuma da 'yan hannuwa biyu da in ka ja su layin ya lanƙwashe yadda kake so. Ya matso da zanen kusa, ya ƙara matsowa, ya ƙara, layin na nan siriri garau, bai dushe ba bai fashe ba. Irmiya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ashe lissafin kusurwa da da'ira ne, abin da ya shekara ashirin da shida yana koyarwa, aka sa masa wata riga. Daga ranar ya daina jin tsoron injin. Har ya fara son sa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Abin da zai zana kuwa a hanya ya tsince shi. Yana kan mashin ɗinsa cunkoso ya tsayar da shi bayan wata mota da ta fito daga kasuwar dabbobi ta Kara maƙare da jajayen awaki, an cusa su har ba masaka tsinke, wuyan wannan a kan gadon bayan waccan, ƙirjin waccan a gindin ta gabanta. Ya yi ta kallonsu har na bayansa suka dame shi da oda. Kafin ya isa gida ya riga ya gama shawara: zai zana akuya guda ɗaya wadda in aka jera irinta, kowace za ta shige cikin 'yar'uwarta ta kowane gefe, ba rata ba hawa kan juna. A yanka su a katako guda arba'in da takwas, a watsa wa yara a tebur su haɗa.

Ƙa'idar mai sauƙin faɗa ce. Ka fara da murabba'i. Duk abin da ka gutsire a hagu ka manna shi a dama, duk abin da ka cire a sama ka mayar da shi a ƙasa. Kan akuya da ya fito ta gaba dole ya bar rami irinsa ta baya, ƙafafun da suka sauka ƙasa dole su bar gurbinsu a gadon baya. A faɗa ke nan. A yi kuwa, in ka gyara wuya sai wutsiya ta lalace, in ka tsawaita ƙafa sai baya ya rufta. Ya buga na farko a takarda ya kai gida, Monica ta juya shi sama da ƙasa.

"Wannan akuya ce ko kujerar tsakar gida?"

Na biyu ta ce kare ne mai ciwon ciki. Irmiya bai yi fushi ba. Kullum in an tashi sai ya shige ɗakin kwamfuta, ya zauna yana matsar da ɗigo da rabin milimita, yana kwafe akuyar sau tara ya jera don ya ga ko sun zauna. Cin abincin rana ma sai an tuna masa. A mako na uku ya samo abin da ya fi faranta masa rai: ya lanƙwasa ƙaho ya koma baya, ya sa shi ya maƙale tsakanin ƙafafun akuyar da ke samanta, ta yadda in an gama haɗawa, ka ɗaga gefe guda duk garken zai taso tare kamar tabarma. Da ya jera arba'in da takwas ɗin a fuskar kwamfuta suka kulle da juna tsaf, ya jingina da kujera ya yi dariya shi kaɗai. A karon nan Monica ba ta juya takardar ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, Baban Peace. Har kamar za su yi kuka."

Gazali ma ya gani. Nasa aikin taswirar jiha ce mai ƙananan hukumomi ashirin da uku, wadda ya sauko da ita daga intanet ya ɗan gyara a yini guda. Ya tsaya bayan kujerar Irmiya yana kallon awakin, fara'arsa ta ragu.

"Malam, kai ka yi wanga da kanka?"

"Da wa zan yi? Kai ka koya mini."

"Ban koya maka wanga ba," in ji Gazali a hankali.

Saura kwana huɗu, Irmiya ya zauna shirya zanen don yanka. A nan ne ya yi abin da duk wanda ya tashi cikin aikin hannu zai yi. Shekara da shekaru yana kai zane wurin Mode kafinta, kuma ya san zarto ba ya wucewa kyauta, sai ya ci katako. In ka ba kafinta zane daidai wa daida, abin da zai dawo maka da shi ya rame, ya yi sako-sako. Don haka a kan bar wa zarto rabonsa. Ya rarraba awakin a fili, kowace ita kaɗai, sannan ya ƙara wa kowace kauri milimita ɗaya da rabi ta ko'ina.

"Malam, mi kaka yi?" Gazali ya tambaya daga bayansa.

"Rabon zarto." Irmiya ya juyo, muryar aji ta dawo masa, har da ɗan alfahari. "Ka ga wannan ba ya cikin kwamfutarku. Sai wanda ya sha ƙurar katako ya san shi. Zarto zai ci ɗaya, samfefa ta ci rabi, abin da ya rage shi ne akuyata."

Gazali ya yi shiru. Shirun ya ɗan yi tsawo, amma Irmiya ya ɗauka sauraro ne irin na ɗalibi.

"Haka na, Malam. Kai kas sani." Ya ɗan tsaya. "To wa za ya yanka maka?"

"Mode."

"Mode? Awaki arba'in da takwas da zarton hannu, cikin kwana huɗu? Ƙahonnin ga dut karyewa za su yi. Akwai wani mai injin leza can hanyar Wamakko, wurinai za ni kai tawa taswira. Ba ni filas ɗin da ka aje zanen ciki in haɗa da naka. Awa guda ya gama."

Irmiya bai taɓa ganin injin leza ba. A wurinsa inji zarto ne mai sauri, shi ke nan. Bai san wannan da zaren haske yake yanka ba, kuma abin da yake ci a katako bai fi kaurin gashi biyu ba. Gazali ya sani, aikinsa ne. Irmiya ya zare filas ya miƙa masa, har da godiya.

Laraba Gazali ya ce ba wuta a shagon. Alhamis ya ce mai injin ya tafi jana'iza. Juma'a ya ce gobe da sassafe in sha Allah. Irmiya ya so ya gwada awakinsa ko sau ɗaya kafin taro, amma ya ji nauyin matsa wa wanda ke yi masa alheri.

Ranar Asabar an kafa rumfuna a filin makaranta, an jera kujeru, iyaye sun cika, mata da manyan mayafai, maza suna fifita da takardar shiri. Monica ta zo da sabon zaninta na zumuntar mata ta zauna a layi na uku. Har aka buɗe taro da addu'a Gazali bai iso ba. Sai da yara suka gama wasan kwaikwayo sannan ya shigo da sauri da akwatuna biyu, kowane an naɗe shi da takarda mai ƙyalli an ɗaure. Irmiya ya miƙa hannu zai kwance nasa.

"Bar shi!" in ji Hajiya. "Gaban iyaye za a buɗe."

Taswirar Gazali aka fara. Yara biyu suka haɗa ta cikin minti biyar, aka yi tafi irin na sauke nauyi. Sannan aka kira Malam Irmiya. Ya karɓi abin magana, ya yi bayanin murabba'i da hagu da dama, muryarsa ba rawa, don a nan gidansa ne. Ya kwance akwatin ya zazzage a tebur. Awakin suka zubo jajur, gefensu ya ɗan ƙone, suna ƙamshin katako, kowace da ƙahonta da gemunta. Sai da wurin ya ɗauki "Kai!" Wata mata ta miƙe tsaye don ta gani da kyau. Zuciyar Irmiya ta cika fal, ya dubi Monica, ta gyaɗa masa kai.

Ya kira ɗalibai biyu daga aji biyu, Nafisa da Stephen. Nafisa ta ɗauki akuya biyu ta kai ƙahon ɗaya tsakanin ƙafafun ɗaya. Bai shiga ba. Ta juya, ta sake. Ta canza wata akuyar. Ta ɗago ta dubi malaminta. Stephen ya karɓa, ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya danna da tafin hannu, ya ƙara ƙarfi, sai ji aka yi ƙas! Ƙaho ya ɓalle ya yi tsalle ya faɗa gaban kujerar Hajiya.

Dariya ta fara daga baya. Wani mai babbar riga ya ɗaga murya ya ce, "Malam, awakin ga turka anka yi musu? Sun ƙoshi da yawa!" Wuri ya ɓarke.

Irmiya ya ɗauki biyu ya kara su da juna ya duba a haske. Bai buƙaci rula ba. Milimita ɗaya da rabi na nan a jikin kowace, cif, inji bai taɓa ko kaɗan ba. Rabon da ya bar wa zarto babu wanda ya ci shi. Ya buɗe baki zai yi bayani, amma wa zai saurari bayanin zarto a cikin wannan dariya?

"Gazali," Hajiya ta kira ba tare da ta dubi Irmiya ba, "mi ya hwaru da abin ga?"

Gazali ya sunkuyar da kai, ya girgiza shi, wai shi ba zai yi magana ba. Sai da ta sake kira sannan ya taso a hankali, kamar ana jan sa. Ya kunna majigi, farin kyallen da aka rataya ya haskaka. Zanen Irmiya ne a jiki, awaki a rarrabe. A buɗe yake. Ba a neme shi ba, ba a jira shi ba, tun kafin taro yake a buɗe yana jiran wannan lokacin. Irmiya ya ga haka, ya gane.

"Ba wani babban abu ba na," in ji Gazali cikin ladabi. "Malam ya ƙara musu kauri don zarto, awa yadda akan yi da. Injin yanzu ba shi cin katako. In anka cire ƙarin..." Ya danna sau biyu. Awakin suka rame. Ya jawo su, suka taho suka shige cikin juna ɗaya bayan ɗaya, ƙaho cikin ƙafa, kai cikin baya, har kyallen ya cika da garke guda ba ko tsaga. Tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Mutane suka miƙe. Awakin Irmiya ake wa tafi, amma Gazali suke kallo.

Mai babbar rigar nan ya sake ɗaga murya. "To kai ba ka gani ba tun da wuri?"

Gazali ya dafa ƙirji. "Na gani, Alhaji, tun ranar da shika yi. Amma ku gahwarce ni, malamina na. Shi ya koya mani riƙon rula. Ni wa na da za ni buɗe baki in ce mai ya yi kure?"

"Allah sarki!" in ji matan gaba. "Yaro mai ladabi." Wata ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan ga. Irinku sun ƙare." Aka sake tafi, wannan karon na tarbiyya. Irmiya yana tsaye da akuya a kowane hannu, ba wanda ya ce ya zauna, ba wanda ya ce ya tafi. Nafisa ta tsuguna ta tsinto ƙahon da ya karye ta ajiye masa a gefen tebur, ta koma wurin zamanta da gudu.

Bayan an watse ya sami Gazali a ɗakin kwamfuta yana naɗe waya. Yana ganinsa ya rusuna.

"Tashi," in ji Irmiya. "Ba kowa a nan. Kalma ɗaya ce, Gazali. Kalma ɗaya da ka faɗa mini."

Gazali ya miƙe, ya ci gaba da naɗe wayarsa. "Ba ka tambaye ni ba, Malam. Kuma ban yi maka ƙarya ba, ko sau guda. Ka tuna." Ya saka wayar a jaka ya zuge. "Ina da mata da ɗiya biyu. Da awakin ga sun shiga, ni za ni tahi."

Abin da ya fi ƙona wa Irmiya rai shi ne gaskiya yaron ya faɗa. Ya bi maganganunsu ɗaya bayan ɗaya bai sami ƙarya ba.

Litinin Hajiya ta kira shi, wannan karon ta ce ya zauna. Ta yaba masa shekarunsa, ta ce makaranta ba za ta manta ba, ta ce ƙarshen zango ya miƙa makullin ɗakin zane. Ya ce mata kuskure ne na milimita ɗaya da rabi, zanen kansa daidai yake, kowa ya gani a kyalle.

"Kowa ya gani, Malam. Kowa kuma ya ga wanda yag gyara." Ta ɗauki waya. "Iyaye sun so abin ga ƙwarai. Na ce ma Gazali shi yanko guda ɗari biyu, kowane aji shi samu."

"Zanena ne, Hajiya."

"Da kwamhutar wa anka yi shi? Cikin ɗakin wa?"

Ya miƙe. Ta ce ya gaida gida.

Ranar rufe makaranta aka yi masa bankwana a filin taron safe. Yara sun yi layi, rana ta fara zafi. Mataimakin shugaba ya karanta tarihinsa ya ɓata sunan garinsu. Sannan aka ce tsohon ɗalibinsa zai miƙa masa kyauta a madadin makaranta. Gazali ya fito da akwati a naɗe, ya durƙusa har ƙasa gaban yara ɗari huɗu, ya miƙa da hannu biyu. Malamai suka ce a buɗe, a buɗe. Irmiya ya yage takardar. Akwatin katako ne mai kyau, an ƙona hoton akuya a murfinsa, ƙarƙashinta an rubuta: Garken Sakkwato, ƙirƙirar Malam Gazali Lawwali.

Aka miƙa masa abin magana. Yara suna kallonsa, waɗanda ya koya wa cewa in an ba ka abu ka ce ka gode. Ya ce ya gode wa Hajiya, ya gode wa malamai, ya gode wa Malam Gazali. Aka tafa masa.

Ya iso gida kafin azahar, lokacin da bai saba zama a gida ba. Ya ajiye akwatin a kan tebur ya zauna da takalmansa a ƙafa. Monica ta karanta murfin, ta dube shi. Ta kawo masa ruwa bai sha ba. Can da shirun ya ishe ta, ta buɗe akwatin ta zazzage awakin da ke ciki, don hannunta ya sami abin yi. Ta ɗauki akuya biyu ta kara. Suka shige da ɗan sauti, ƙyas. Ta ɗauki ta uku, ta huɗu. Irmiya yana jin sautin ɗaya bayan ɗaya, bai juyo ba. Ita da ba ta taɓa riƙe kamfas ba, kafin sanyin ruwan kofin ya gushe ta gama arba'in da takwas. Ta kama gefe guda ta ɗaga, garken ya taso gaba ɗaya, ko guda ba ta faɗi ba.

"Baban Peace, duba," ta ce, tana so ta sanyaya masa rai. "Sun shiga fa. Duka sun shiga. Ashe aikinka daidai ne."

Ya juyo ya duba. Ya kai yatsa ya bi ta kan katakon daga wannan gefe zuwa wancan, bai ji inda wata ta ƙare wata ta fara ba. Aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa ne, kuma ba shi da ajin da zai kai shi.

"Daidai ne," ya ce. "Mayar da su ki rufe."